Shekara Uku Ban Jingina Ba

Har yanzu idan na kwanta rigingine a ƙasa na ɗora ƙafafuna kan kujera, yadda likita ya koya mini, ba rufin ɗakina nake gani ba. Laimomin nan nake gani, manyan laimomin harabar Masallacin Annabi, suna naɗewa a hankali idan rana ta yi sanyi, ɗaya bayan ɗaya, sama tana dawowa guntu-guntu. Sai in ji fukafukan tattabaru, in ji ƙamshin na'ana da ake zubawa a shayi, in ji sanyin daɓen yana ratso tafin ƙafata. Wani lokaci har barci ya ɗauke ni a haka, sai matata ta zo ta taɓa ni ta ce an kira salla.

Ina da shekara ashirin da biyu na sauka Madina don karatun fiƙihu a jami'a. Abin da na zo da shi bai taka kara ya karya ba: jaka ɗaya, Larabcin littafi wanda masu shago ke yi wa dariya, sai kuma wani irin zama da na gada.

Mahaifina tela ne. Amma kullum da yamma yakan rufe shago ya tafi zauren wani malami a unguwarmu ɗaukar karatu, kuma tun ina ƙarami yake jana mu tafi. A can ya koya mini yadda ake zama gaban malami. Ka lanƙwashe ƙafafu irin na zaman tahiya, ka ɗora littafi a cinya, ka sunkuyar da kai. Ba ka jingina da bango, ba ka miƙe ƙafa, ba ka gyara zama. Sannan, ko da wasa, kanka ba ya kaiwa daidai da kan malami. In na motsa, Baba ba ya magana, gwiwata kawai yake taɓawa da ɗan yatsa, shi ke nan na koma kamar an dasa ni. Ranar da zan taho ma abin da ya ce mini ke nan a bakin mota: ilimi na can da yawa, amma kada in bar ladabina a gida.

Ban bar shi ba. Na ɗauke shi na kai Madina cif-cif, har da ƙari.

Ranakunmu a jami'a duk kamarsu ɗaya. Daga safe zuwa azahar muna kan kujerun aji, malami ya fita wani ya shigo. Mu ci abinci a gurguje, mu rataya jakar littattafai a kafaɗa ɗaya, mu hau bas zuwa Harami, wato Masallacin Annabi. Bayan la'asar sai halƙa, wato da'irar karatu da ake yi a cikin masallaci, malami a kan kujerarsa jikin ginshiƙi, ɗalibai zube a ƙasa kewaye da shi har a kira magariba. In mun koma masauki kuma sai kowa ya hau gado ya duƙufa kan littafi ko kwamfuta, baya a lanƙwashe kamar lauje. Tafiyarmu ta yini ba ta wuce daga ƙofar bas zuwa ƙofar masallaci.

Malamin halƙarmu tsoho ne, Shehi muke ce masa. Idonsa ya tafi tun kafin in zo garin, sai an riƙo hannunsa an kai shi kujera. Saboda haka dole a sami mai karanta masa littafi da murya, shi kuma ya tsayar da shi ya yi bayani da ka. A watannin farko na zuwana zai fara wani littafin fiƙihu mai juzu'i uku, sai ya sa mu karanta layi bibbiyu, mu wajen goma, yana saurare da kai a karkace. Da na gama nawa ya ce, cikin Larabcinsa mai laushi, "Wannan ya matso."

Na matso. Mai karatu a gaban gwiwar Shehi yake zama. Kuma al'adarsa ce, wanda ya karanta masa littafi daga farko har ƙarshe, shi yake ba ijaza, wato shaidar cewa ya ɗauki littafin daga bakinsa. Da na gaya wa mahaifina a waya, sai ya ce, "To, ka riƙe wurin nan." Tun daga ranar ba mu taɓa yin waya bai tambaye ni shafi na nawa muka kai ba.

Bari in faɗi gaskiya, tunda yanzu ba abin da zan ɓoye. Ina son karatun, amma ina son zaman nawa fiye da yadda ya kamata. Sauran ɗalibai, daga ƙasashe iri-iri, sukan gyara zama, wani ya jingina da ginshiƙi, wani ya saci miƙe ƙafa ƙarƙashin jallabiya. Ni kuwa in bi su da wutsiyar ido ina cewa a raina, Allah sarki, ba a koya musu ba. Awa biyu da ɗoriya nake yi ban motsa ba. Har ta kai ana nuna ni, ana cewa ga Bahaushen nan da ba ya motsi. Ina jin su, ina yi kamar ban ji ba, daɗi kuwa kamar ya kashe ni.

Kuma wurin yana da wani abu da ke mantar da mutum jikinsa. Hasken yamma yana shigowa ta ƙofofi ya kwanta kan dardumai. Muryoyin wasu halƙoƙin suna zuwa daga nesa, suna haɗuwa su zama amo ɗaya kamar na ƙudan zuma. Ni ina karatu, muryata tana fita tana tafiya tsakanin ginshiƙai, sai in ji kamar ba ni da nauyi, kamar muryar ce ni, sauran jikin kuwa wani kaya ne da na ajiye a bakin ƙofa tare da takalmi.

A shekara ta biyu kayan da na ajiye ya fara kirana. Da farko wani ɗan nauyi ne a ƙugu in na tashi daga halƙa, in na yi taku goma ya sake ni. Daga baya ya daina saki. Na gaya wa abokin ɗakina, wani ɗan Damagaram mai bakin tsiya, sai ya tuntsire da dariya.

"Ciwon baya? Kai da ko furfura ɗaya ba ka da ita? Rashin aure ne, malam. Ka koma gida hutu a ɗaura, ka ga in bai warware ba."

"Kai da kake shafa man zafi kullum fa?"

"Ni nawa sanyi ne. Na'urar sanyaya ɗakin nan ce."

Haka muke. Lokacin jarrabawa in ka bi ta barandar masaukinmu, ƙamshin man zafi ne zai tare ka daga kowace ƙofa, amma ba wanda zai ce bayansa na ciwo. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne, wani ya ce katifar ce. Samari ne mu, ciwon baya kuwa a saninmu na tsofaffi ne da masu dako. Na sha man habbatus sauda, na shafa zaitun, na je an yi mini ƙaho har sau biyu. Kowanne ya ba ni kwana uku na sauƙi. Abu ɗaya ne ban gwada ba, shi ne in gyara zama.

Shekara ta uku muna cikin juzu'i na ƙarshe lokacin da ciwon ya sauko ƙafata ta hagu. Wani zare ne na wuta daga ƙugu har ɗan yatsa. Safa ta gagare ni sawa. Wanke ƙafa a alwala ya zama aikin da nake shirya wa tun daga nesa. Atishawa kuwa na koma tsoronta fiye da jarrabawa, in na ji tana tahowa sai in dafa bango. A aji nakan zauna da gefen ɗuwawu ɗaya, malami yana bayani ni ina ƙirga mintoci. Na fara fashin darasin safe don in tara ƙarfin halƙa. Abin dariyar shi ne, da bakina na karanta wa Shehi babin sallar marar lafiya tun a shekarar farko, na yi jarrabawa a kansa na ci da maki mai kyau. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa da irina ake ba.

Saura kamar shafi sittin mu sauke littafin, wata Laraba aka kira magariba, Shehi ya yi addu'a, kowa ya miƙe. Ni na ce in miƙe, bayana ya ce bai san zancen ba. Na sake gwadawa, sai na ga masallacin ya yi fari fat. Abokin ɗakina da wani ɗalibi suka ɗaga ni ta hamata kamar buhu. Ban yi ƙara ba. Har a lokacin abin da ke raina shi ne kada Shehi ya ji.

Likitan asibitin jami'a bai ja zance ba. Ya danna nan, ya ɗaga ƙafata, ya tura ni hoto, ya tambaye ni awa nawa nake zama a yini. Da na lissafa masa sai ya cire tabarau ya kalle ni. Ya ce wani faifai tsakanin ƙasusuwan bayana ne ya turo yana danne jijiya. Ba sai an yi aiki ba, in na ji magana. Zaman ƙasa, babu. Zaman kujera, kada ya wuce minti ashirin ban tashi ba. Salla a kan kujera har sai ya ce. Ya ba ni magani, ya koya mini motsa jiki a kwance, ya ce da zarar na iya, in yi ta tafiya.

Na ce masa, "Ina da halƙa."

Ya ce, "Ka je da kujera."

Na yi murmushi kawai. Ina zan fara yi masa bayani? Kujerar Shehi ba ta da tsawo. In na zauna kan wata kujera a gabansa, kaina da nasa sun zo daidai, har ma in ɗara shi tunda na fi shi tsawo. Ni, ɗan mahaifina, a gaban jama'ar da suka shekara uku suna nuna ni. Na gwammace in ɓace. Na aiki abokin ɗakina ya ce wa Shehi ina da uzuri, ban yarda ya faɗi kowane iri ba. Washegari aka sa wani ya ci gaba da karatu.

Kwana goma na yi a kwance a ƙasan ɗaki, ƙafafu a kan kujera. Maganin yana sa ni wani irin gyangyaɗi da ba barci ba ne, ba kuma farke ba. Ta taga ina hango kan Dutsen Uhudu, da safe ja-ja, da rana ya dushe cikin zafi kamar zai narke. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gunjinta, sai gunjin ya rikiɗe ya zama ƙarar keken ɗinkin mahaifina, in gan ni ina yaro a ƙarƙashin tebur ina tsintar ƙyallaye, ƙafarsa tana hawa tana sauka. Wani lokaci in ga shafukan da suka rage suna tashi ɗaya-ɗaya ta taga, suna bin tattabaru zuwa Harami ba tare da ni ba. In la'asar ta yi, jikina ya san lokacin halƙa ne, bakina ya fara motsi shi kaɗai.

Mahaifina ya kira ya ce shafi na nawa. Na faɗa masa shafin da abokin ɗakina ya ce an kai. Ban yi masa ƙarya ba, in ji ni a raina. Amma da na ajiye wayar na yi kuka, na kuma ji haushin kaina da kukan ma yana taɓa mini baya.

Da na fara iya takawa na koma Harami, amma ba halƙa ba. Akwai kujeru masu naɗewa da ake ajiyewa don marasa ƙarfi. Na ɗauki ɗaya na kai can ƙarshen sahu, inda tsofaffi ke jeruwa, na ja hiramina na rufe rabin fuska. Liman ya yi sujada, dubban mutane suka kai goshi ƙasa da wani sauti mai taushi kamar an shimfiɗa babban bargo, ni kuwa ina sama, na ɗan sunkuya kawai. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba.

Ana sallamewa na ji an ce daga damana, da Hausa, "Ya waladi, ɗana, kai kuma me ya kawo ka unguwarmu?"

Wani dattijo ne baƙi, kakkaura, da farin gemu gajere, sanye da tufa irin ta 'yan gari. Kujerarsa ba irin ta masallaci ba ce, tasa ce ta kansa, an ɗaure mata ƙaramin matashi da igiya.

Na gaishe shi na ce, "Baba, yaya aka yi ka san ni Bahaushe ne?"

"Wa zai zauna a kursi yana ɓoye fuska kamar ya saci akuya in ba ɗan Hausa ba? Baya ne?"

"Baya ne, Baba."

"Ahlan, barka da zuwa. Ka shigo jam'iyya."

Shi ɗan ƙasa ne, a Ƙuba aka haife shi, a can gidansa yake. Shekara talatin yana tuƙin bas tsakanin Madina da Yanbu, ta Badar, har bayansa ya ce ya isa. Hausarsa ta tsofaffi ce, da Larabci a barbaɗe a ciki kamar gishiri. Ya ce 'ya'yansa suna jin Hausa sarai, amma in ya yi musu sai su amsa da Larabci, shi ya sa in ya samu mai mayar masa ba ya saki. Bai sake ni ba kuwa. Da ya ji likita ya ce in yi tafiya, sai ya ce ranar Asabar in same shi a ƙofar Harami da safe, mu taka zuwa Ƙuba.

Hanyar masu ƙafa ce, miƙaƙƙiya, shaguna dama da hagu, da bencina don hutu. Muna tafiya a hankali, shi da kujerarsa rataye a kafaɗa, ni hannu a ƙugu, tsoho biyu ɗaya ba furfura. Hasken safiya yana zuba kan farar hasumiyar masallacin Ƙuba daga nesa, sai ka ga kamar ita ke tahowa ba kai ba. Bayan mun yi nafila yakan ja ni ta wani lungu zuwa gefen wata tsohuwar gonar dabino, ya buɗe kujerarsa, ni in kwanta kan dakali ina kallon ganyen dabino suna tsefe sama. Ruwa yana gudu a ƙaramar magudana. Ya zuba mana shayi da na'ana daga fulas.

A nan ya ba ni labarin kakansa, wanda ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, yana noma a nan yana dako a can, har ya tsallake teku.

"Wallahi tsohon nan ya haura tamanin yana hawa dabino. Ban taɓa jin ya ce wash bayana ba. Ni da na zo na tarar da mota, dube ni. Shi tafiya ta kawo shi, mu zama ya gama da mu. Kai ma direba ne, ya waladi, littafi kawai kake tuƙawa."

Na yi dariya har sai da na dafe ƙugu.

Da yamma kuwa ina da wani sirri. Nakan je in tsaya bayan wani ginshiƙi nesa da halƙa, inda murya ke isowa amma ido ba ya isowa, in saurari wanda ya gaje ni. Yaron kirki ne, karatunsa ba laifi. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirga masa kurakurai, ina jin zafi duk lokacin da ya juya shafi. Hassada ce, ba wani suna da zan ba ta. Shafi arba'in, talatin, goma sha biyar. Ijazar da na yi wa zaman shekara uku tana tafiya a gaban idona, kuma abin da ke tsakanina da ita taku ashirin ne da kujera ɗaya.

A Asabar ta huɗu Baba Direba ya tambaye ni me ke cina, don ya ce ciwon baya ba ya sa mutum kallon ruwa haka. Na kwashe duka na gaya masa, har da zancen kaina da kan Shehi. Ya ajiye kofinsa.

"Tsaya. Shehin nan ba shi ne wanda ba ya gani ba?"

"Shi ne."

"La ilaha illallah. Yaushe za a sauke?"

"Ranar Litinin."

"Ɗayyib, to madalla," in ji shi.

Ranar Litinin ina bayan ginshiƙina. Jama'a sun fi kullum yawa, don ranar sauka har waɗanda ba ɗalibai ba sukan zo neman albarkar addu'a, tsofaffi sun kwashe kujerun wajen kaf. An ajiye kwalayen dabino a gefe. Saura shafi huɗu. Sai na ji an kama hannuna, riƙo irin na wanda ya shekara talatin yana murɗa sitiyari.

"Yalla, mu je."

"Baba, don Allah..."

"Halas, zance ya ƙare, na ce yalla."

Ya ja ni ta tsakiyar mutane, suna janye gwiwoyi suna ɗago kai. Na ji ana raɗa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ya tsaya gaban Shehi ya yi sallama da ƙarfi, ya yi magana da Larabcin 'yan gari, ba kwana-kwana: ga mai karatunka na kawo maka, bayansa ne ya lalace, likita ya hana shi zaman ƙasa, shi kuma kunya ta hana shi zama a kujera a gabanka.

Shehi ya karkata kai yadda yake yi in yana saurare.

"Yi magana in ji," ya ce.

Na gaishe shi.

"Kai ne." Ya yi murmushi. "Ɗana, na fi shekara ina jin bayanka a cikin muryarka. Kana yanke numfashi a inda babu waƙafi. Na yi ta jira ka faɗa mini, ba ka faɗa ba, ni kuma na ce kada in tona abin da ka rufe. An ce mini kana da wani zama mai kyau. Ni ban taɓa ganinsa ba. To wa kake yi wa?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba, da gaske yake son ya sani. Na buɗe baki in ce ladabi ne, in ce haka mahaifina ya koya mini. Amma mahaifina bai taɓa ce mini in ƙirga masu kallo ba. Na tsaya a wurin, hawaye suna sauka cikin gemuna.

Shehi ya ce, "Shafukan da suka wuce ka, za ka zo ka biya mini su. A zaune, ko a tsaye, ko a kwance, ni duk ɗaya ne a wurina. Ai kai ka karanta mana babin sallar marar lafiya." Ɗalibai suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya juya wajen wanda ya gaje ni ya nemi izninsa, shi kuwa, Allah ya saka masa, ya miƙo mini littafin da hannu biyu. "A ba shi abin zama."

Na ji ƙarar buɗe kujera a bayana, aka danna kafaɗata na zauna. Matashin nan mai igiya ya tare mini ƙugu daidai inda ke ciwo. Karo na farko a rayuwata na ga fuskar malami daga daidai inda take, ba daga ƙasa ba. Ashe yana da wani ɗan tabo a gefen gira. Ashe leɓensa yana bin karatun a hankali, kalma bayan kalma.

Na jingina, na fara karatu.

Muryata ta fita ta bi tsakanin ginshiƙai kamar da, amma wannan karon ban bar jikina a bakin ƙofa ba, yana nan tare da ni, yana ciwo kaɗan-kaɗan, yana numfashi inda ya kamata. Shehi ya tsayar da ni ya yi bayani, na ci gaba, ya sake tsayar da ni. Hasken ƙofa ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma. A waje na san laimomi sun fara naɗewa. Minti ashirin ɗin likita suka wuce, wasu ashirin suka bi su, ban sani ba. Na karanta layin ƙarshe, Shehi ya ɗaga hannu, muka shafa.

Sai a lokacin na waiwaya in nemi Baba Direba in ce masa na gode.

Yana tsaye. Tun da ya buɗe mini kujerarsa yake tsaye, don babu wata a wajen, ƙasa kuwa ta fi shekara goma da gagararsa. Ya jingina kafaɗa da ginshiƙi, hannu ɗaya a ƙugu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ƙafarsa ɗaya tana ɗan rawa. Dattijo mai jikoki ya yi kusan awa guda a tsaye, ni sa'an ɗan cikinsa ina zaune a kan matashinsa. Na yunƙura zan tashi da sauri, sai ya ɗaga mini ɗan yatsa, irin yadda mahaifina yake taɓa gwiwata.

"A hankali, ya waladi," ya ce. "Dafa gwiwa tukuna, sannan ka miƙe."